Ranar da Lantana Ba Ta Buɗe Ƙofa Ba

Ku ɗan ajiye wayoyin nan tukuna. Kai Nazifi, ai da kunnena na ji ka ɗazu kana cewa fassarar fim ba wani aiki ba ne, wai ka maƙala abu a kunne ka bi bakin ɗan wasa, kwana biyu ka gama. To madalla da gwani. Ni na yi sana'ar nan tun ubanka bai san hanyar makarantar allo ba, kuma sai da na shekara huɗu ina bin jaki da akwati kafin a bar ni in ce uffan gaban jama'a. Matso nan, jikan banza, ka ji yadda ake yi.

Maigidana sunanshi Malam Tanko, mutumin Runka, amma daga Batsari har Safana ba wanda ya san shi sai da Tanko Majigi. Da can shi ne mai bayani a motar majigin gwamnati, wadda ke zagaya ƙauyuka tana nuna yadda ake shuka auduga da yadda ake yi wa shanu allura. Da 'yancin kai ya matso, Turawa suna ta tattara komatsansu, sai ya je gwanjon kayan wani daga cikinsu a Katsina. Ya dawo da ɗan injin majigi na hannu, irin wanda ake juyawa, da gwangwanaye biyar na fim. Ɗaya shirme ne, dawakai ne kawai suna tsallake shinge. Sauran huɗun labari guda ne, kuma shi ya ciyar da mu shekara goma sha wani abu.

Aikin farko da ya ba ni, juya inji ne babu fim a ciki. Ya zaunar da ni bayan katangar gidansu lokacin da mata ke dakan fura, ya ce, "Haruna, bi taɓaryar nan da hannunka. In ka riga ta, mutanen cikin fim za su yi gudun mahaukata. In ta riga ka, za su yi tafiyar masu zazzaɓi." Wata biyu ina wannan, har kafaɗata ta dama ta fi ta hagu tudu. Daga nan ya koya mani liƙi. In fim ya tsinke, ka yanke bakin da almakashi, ka kankare gefe da reza, ka ɗiga ruwan liƙi, ka danne da babban yatsa ka ƙirga ashirin, duk wannan cikin duhu, mutum ɗari biyu suna yi maka ihu a ka. Sauran kayan ba su da yawa: batirin babbar mota don fitila, alawayyo kamu shida da muke ɗaurewa jikin bango, gashin kaza na share ƙura da ɗiga mai, sai mazurarin kwano da wani maƙeri ya ƙera wa Malam don muryarshi ta kai baya. Jakuna biyu suke ɗauke mamu duka.

Fim ɗin ba shi da sauti, ba shi da launi, baƙi da fari ne kawai. Jefi-jefi rubutu kan fito, amma hedimastan Batsari ya taɓa sa tabarau ya duba, ya ce wannan ba Ingilishi ba ne, shi ma bai san ko yaren wace ƙasa ba ne. Saboda haka duk abin da mutane suka ji, daga bakin Malam ya fito. Shi ya raɗa wa matar ciki Lantana, ya ce mijinta ya tafi fatauci ya bar ta ita kaɗai a wata ƙasa mai sanyin tsiya. Akwai kuma wani maye, irin na Turawa. Namu kurwa suke kamawa, shi wannan jini yake sha. Dogo ne, ramamme, da tsohuwar riga har ƙasa da faffaɗar malafa da sanda, ka rantse matafiyi ne wanda yunwa ta galabaitar. Da rana yana kwance cikin akwati. Kuma yana da ƙa'ida ɗaya: ba ya iya shiga gida sai an buɗe mashi an ce ya shigo. Mutane suka sa wa fim ɗin Baƙon Lantana.

Wurin ƙofa shi ne sana'ar gaba ɗaya. Mayen zai zo ya tsaya bakin ƙofar Lantana, ita tana ciki riƙe da fitila. Nan Malam zai ɗora ƙafarshi kan tawa ya danna, ni kuma in sassauta juyi, in sassauta, har hoton ya fara kyafta ido. Fitilarmu ba ta da ƙarfin da za ta ƙona fim, ana iya jan wurin yadda ake so. Sai Malam ya sa baki cikin mazurari, ya sauke murya can ƙasa.

"Gafara dai, masu gida."

Bai taɓa sa mashi sallama a baki ba. Ya ce shi ba zai ɗora sallama kan harshen maye ba, ko na hoto ne.

"Gafara dai. Baƙo ne. Sanyi ya kama ni a hanya, ko ruwa a sam mani."

Tabɗi! Ai sai fili ya ɗauka. Akwai wata Bafulatana mai sayar da nono, Inna Hajo, daga rugar da ke yamma da Runka. Ta ga fim ɗin nan ya fi sau talatin, amma duk ranar ita ke fara tashi tsaye daga ɓangaren mata. "Kada ki buɗe, ɗiyar nan! Don Allah kada ki buɗe!" Maza su ɗauka, yara su ɗauka. A Wagini wani makiyayi ya taɓa jifan alawayyon da sanda, sai da muka yi ɗinki. Malam ba ya ɗaga ƙafarshi sai ya ji maƙogwaron jama'a ya fara dusashewa. In ya ɗaga, in koma juyin taɓarya, Lantana ta zare sakata, Malam ya siranta murya ya ce, "Maraba, shigo daga ciki." Ba a nuna jini ko ɗigo. Inuwarshi kawai ake gani tana hawa bango, fitilar hannunta ta faɗi. Da safe mutanen gari su buɗe akwatinshi cikin rana ya zama hayaƙi, amma wa ya damu da wannan? Lantana ta riga ta tafi.

Abin da ya sa yake cin ran mutane, kowa ya san da shi ne da ya buɗe. Muna naɗe kaya dattawa suna gardama. Wannan ya ce sakarci ta yi. Wancan ya ce, "Haba, mutum ya tsaya ƙofarka cikin sanyi yana roƙon ruwa, ka ce mashi me? Gidan wa aka taɓa yin haka?" Su rabu ba a daidaita ba, mako mai zuwa su dawo da kwabonsu ko mudun gero su sake kallo, kamar wannan karon za ta canza shawara. Na taɓa tambayar Malam ko ba ya gajiya. Ya ce, "Ni da nake roƙonta ta buɗe, wallahi a cikina tare nake ihu da Hajo."

Sai shekarun fari suka zo. Ba sai na faɗa maku yadda aka yi ba, ku tambayi kakanninku mata. Wanda ke neman abin da zai sa wa yara a baki ba ya zuwa kallon maye. Jakinmu ɗaya ya mutu, ɗaya aka sayar. Idon Malam kuma ya fara hazo, shekarun da ya yi yana kallon cikin fitila suka tambaye shi. Ya miƙa mani gwangwanayen nan huɗu ya ce in adana, wuri mai sanyi, har Allah ya kawo sauƙi. Na duba duk gidanmu, ba inda ya kai gindin randar innata sanyi. Nan na jera su, na rufe da buhu.

Kusan shekara biyu ban taɓa su ba. Ranar da na buɗe, sai wani wari mai tsami ya buge ni, ga funfuna fari-fari ta bi gefen fim ɗin. Danshin randa ya shige su. To ni ɗan manomi ne. In wake ya yi danshi me ake yi mashi? Shanya. Na warware fim ɗin nan kaf, gwangwani huɗu, na rataya shi bisa darni layi-layi, tsakar ranar bazara, na tafi gona ina jin na yi dabara. Da na dawo da la'asar, ya ƙanƙance ya murɗe kamar busasshiyar kuɓewa. Na taɓa, ya karye a hannuna.

Kwana uku ina kewaya ƙofar gidan Malam kafin na iya shiga. Na durƙusa na faɗa mashi. Ya ce in miƙo mashi guntu. Ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci. Can ya ce, "Haruna, shekara nawa kana kallon abin da rana ke yi wa mutumin nan, sannan ka ɗauke shi da hannunka ka kai mata?" Ya yi 'yar dariya. Da zagina ya yi da ya fi mani sauƙi. Tun daga ranar bai ƙara ambatar fim ba, mazurarin kuma jikokinshi suka mai da shi abin ɗura wa akuya magani. Wannan abu ya tsaya mani a rai, ban ɓoye maku ba.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, komai ya canza. Na yi shekara uku a wani gidan sinima a Katsina ina koyon injin zamani, na dawo da nawa na hannu-biyu, mai motar lantarki a ciki da ke juya fim, mai sauti, da janareto da lasifika. A-kori-kura ke kai ni kasuwanni. Finafinan Indiya da na 'yan kokawar Sin nake haya daga wurin wani ɗan kasuwa a Kano, in rage sauti in yi bayani a kai. Ana samu, ba laifi. Amma injin nan ba ya jiran kowa, kuma fitilarshi wuta ce, in fim ya tsaya gabanta ko na ƙiftawa biyu ne sai ya narke.

Wata rana na je canjin fim, sai na ga hoto manne a bangon shagon: mutum da malafa da sanda, tsaye bakin ƙofa, ƙanƙara na zuba. Na nuna hoton na tambaya. Mai shagon ya ce ai wani tsohon fim ne Turawa suka sake yi, sabo fil, kwafi ɗaya ne ya iso hannunshi. Na ce a ba ni. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Na ƙauye, wannan ba irin tsummokaran da kake ɗauka ba ne. In ka dawo mani da shi da ƙwarzane ɗaya, kada ka ƙara tako nan, kuma duk masu ba da haya a garin nan sai sun ji." Na ce na ji. Tun a tasha na aika wa Malam ta bakin direban Runka cewa Baƙon Lantana ya dawo, ya shirya, shi zai riƙe lasifika.

Ashe na yi gaggawar aika saƙon. Da na isa Batsari na rufe shagon da nake ajiye inji na kalla ni kaɗai. Ba zan yi mashi ƙarya ba, an kashe kuɗi. A tsohon, ƙanƙara ɗige-ɗige ce kamar ƙwarzanen fim, a sabon kuwa har sai ka ji sanyinta, ga kukan iska, ga ƙarar kofaton doki, ga launi ko'ina, kuma ko sau ɗaya bai tsinke ba. Amma mayen! Sun mai da shi saurayi, gashi ya sha mai, riga ta sha guga, ba mai ganinshi ya ji tausayi. Haƙora a waje, jini ja wur kamar an kifar da kwalbar manja, tun ba a je ko'ina ba ya sha mutum uku. Kiɗa ne ke gaya maka lokacin da za ka ji tsoro. Kowa a ciki surutu yake, ba inda mai bayani zai sa baki. Sai wurin ƙofa. Na ƙirga: ɗaya, biyu, ban kai bakwai ba ta buɗe, har da murmushi, don dama sonshi take. Ba ruwa ya roƙa ba, ba sanyi ya kama shi ba. Na mayar na sake kallo ko na yi kuskure. Bakwai ɗin dai.

Na so in fasa. To labari ya riga ya zaga. Direban ya ce mani Malam ya sa an wanke mashi babbar rigarshi, kwana biyu yana gyaran murya a zaure.

Bayan sallar isha'i muka kafa a filin gaban gidan dagaci. Ban taɓa ganin jama'a haka a Runka ba, rabinsu samari ne da ba su san tsohon ba. Aka riƙo hannun Malam aka zaunar da shi kusa da ni, a lokacin ko hasken alawayyon ba ya gani. Na kashe sauti gaba ɗaya, na sa mashi lasifika a hannu, muka yi da shi zan riƙa raɗa mashi abin da ke fitowa. Ya ce, "Hajo ta zo?" Na ce ga ta can, an kawo mata kujera 'yar tsugunno, ta tsufa tukuf.

Kayya, abin bai yi daɗi ba. Kafin in raɗa mashi, ya shaƙi numfashi, ya fara, hoto ya wuce gaba uku. Yana ba mijin Lantana magana, doki ne a jikin alawayyo. Samari suka fara dariya. Wani ya ɗaga murya daga baya, "A buɗe mamu sauti mana, tsohon nan ya rikice!" Na ga gumi yana bin wuyan Malam, amma bai ajiye lasifikar ba. Na san abin da yake jira. Ni kaɗai na san ƙirga bakwai ne kawai a wurin.

Da lokacin ya yi na ce, "Malam, ya iso ƙofa."

Sai na ji ƙafarshi tana lalube a ƙasa. Ta sami tawa, ta hau, ta danna.

Na san fitilar nan, na kuma san abin da mutumin Kano ya ce. Wallahi duk na tuna. Na kai hannu na kashe motar injin, na bar fitila a kunne. Akwai wani ɗan maɓalli a gefe da ake murzawa da yatsa in ana saka fim, shi na kama, na fara tura hoto ɗaya bayan ɗaya. Mayen ya tsaya cak bakin ƙofa, yana kyafta ido kamar na da.

"Gafara dai, masu gida."

Muryar tana nan yadda na san ta. Fili ya yi tsit, har masu dariyar.

"Gafara dai. Baƙo ne. Sanyi ya kama ni a hanya."

Inna Hajo ta dafa kafaɗar jikarta ta miƙe. Muryarta ta tsufa, amma ta fito. "Kada ki buɗe, ɗiyar nan!" Dattawa suka ɗauka. Samarin suka waiga suna kallon iyayensu, sai ga su su ma suna ihu, har wanda ya ce tsoho ya rikice. Ni kuwa ina jin ƙaurin fim a hancina, kowane hoto da na tura yana fita da ƙuraje. Na tura, na tura, har na ga hannun matar ya kai kan sakata. Hoto na gaba buɗewa ne. Ƙafar Malam tana kan tawa, bai ɗaga ba. Sai na saki maɓallin.

Wani ɗigo ruwan ƙasa ya fito a ƙirjin mayen. Ya yi bororo, ya faɗaɗa, ya ci rigar, ya ci fuskar, ya ci malafar, sai farin haske fal a jikin alawayyo. Wani ya yi kabbara. Mata suka ɗauki guɗa. "Ya ƙone! Wallahi ya ƙone!"

Malam ya kamo hannun rigata. "Haruna, mene ne? Ta buɗe?"

Na ce, "Ba ta buɗe ba, Malam. A bakin ƙofa ya ƙone."

Sannan ya ɗaga ƙafarshi daga kan tawa, ya kai lasifika baki, ya siranta murya irin ta Lantana, ya ce, "Maigidan ba ya nan. A dawo da rana."

Filin nan ya kece da dariya, wasu suna dariya suna share ido. Ba wanda ya nemi a ci gaba, sauran gwangwani biyu ko buɗe su ban yi ba. Inna Hajo ta zo da kanta ta durƙusa gaban Malam ta ce, "Sannu Tanko. Yau dai ta ji magana."

Mutumin Kano ya cika alkawarinshi. Ya warware fim ɗin gabana, ya ga wurin, ya nuna mani hanya, kuma daga ranar ba shagon da ya ƙara ba ni ko tallar sabulu. Na sayar da injin da lasifika, janareton na haɗa da injin niƙa, shi kuka taso kuka gan ni a kai. Malam bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙanshi. Mutane sun ce na yi wauta, na ƙone sana'ata saboda tsoho makaho. Wataƙila. Ni dai har yau in na zauna shiru sai in ji nauyin nan bisa ƙafata ta hagu, kuma ina kewarshi, ina kewar ihun filin nan, fiye da yadda nake kewar ƙuruciyata.

Me kake latsawa kuma, Nazifi? Wai za ka nemo mani tsohon a waya? Na sani, an ce ba abin da babu a ciki, har mai baƙi da farin. A'a, mayar da ita aljihu, Allah ya yi maka albarka. A naka ɗin, ai buɗewa za ta yi.